Saura Mutum Guda: Motar Lantarki da Hanyar Wurno, Rabah da Goronyo

Duk wanda ya taɓa shiga motar Goronyo daga Sakkwato ya san nauyin kalmomin nan uku: "Saura mutum guda!" Ɗan kamasho na ta nanata su yana bubbuga rufin mota. Mutum biyu sun matsu a gaba kusa da direba, uku a baya suna jiran na huɗu, but kuma ya cika ya batse har sai da aka ɗaure shi da igiya. Mutum gudan nan yana iya cin rabin awa bai bayyana ba. Zufa na karyowa, mai goyo na jijjiga ɗanta, wani dattijo na tambayar ko za a kai Achida kafin azahar. Direba dai ba zai murza makulli ba, kuma wanda ya san lissafin ba zai ga laifinsa ba. Kuɗin kujerun farko na gidan mai ne, wani kaso na mai mota ne, wani na tasha. Kujerar ƙarshen nan ita ce cefanen gidansa.

Lissafin ya daɗe a haka, amma ya ƙara tsanani tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A ƙauyen da babu gidan mai, inda sai dai a saya a kwalba hannun 'yan bumburutu, abin ya fi haka zafi. Gabashin Sakkwato ya sha dukan ta fuska biyu, domin man da ke tuƙa mota shi ne ke tayar da injin ban-ruwa a fadamun Wurno da Goronyo. Albasa da tafarnuwa da shinkafa sai sun sha mai kafin su nuna, su sake shan mai kafin su isa kasuwa.

Ana cikin wannan hali ne hotunan wani tsari ke shigo wa matasanmu ta waya: motar lantarki a ajiye bakin titi, ba direba ba mai gadi, mai buƙata ya buɗe ta da wayarsa, ya yi hidimarsa, ya mayar, a cire masa kuɗin mintunan da ya ci. Motar karɓa-karɓa ke nan. Shin akwai abin da mutumin Rabah zai tsinta a ciki? Ni ina ganin akwai, kuma babba ne, sai dai ba a inda masu tallar suke nunawa yake ba.

Yadda ta kaya a Paris

Gwajin da ya fi kowanne suna shi ne Autolib' na birnin Paris a Faransa, wanda aka buɗe a Disamba 2011. Kamfanin Bolloré ya zuba ƙananan motocinsa masu suna Bluecar har suka kai kusan 4,000, da tashoshin caji fiye da 1,000 a birnin da garuruwan da ke kewaye da shi. Mutum zai yi rajista da lasisinsa na tuƙi, a ba shi kati, ya cire mota daga caji a wannan unguwa, ya maƙala ta a wata. Hikimar a fili take. Motar gida mafi yawan yini a ajiye take, tana cin wuri tana cin kuɗi, to me zai hana mutum goma ko ashirin su ci moriyar guda?

Shekara bakwai ba ta cika ba tsarin ya rushe. A ƙarshen Yuli 2018 aka rufe shi, bayan kamfanin ya nemi hukumomin garuruwan su cike giɓin ɗaruruwan miliyoyin Yuro, su kuma suka ƙi. Dalilan da aka fi ambata ba baƙi ba ne ga wanda ya taɓa ba da aron keke: motoci sun yi datti, an bubbuge su, wanda ya ɗauka ba ya tausayin abin da ba nasa ba. Ga ɗawainiyar kwaso motoci daga inda suka taru a mayar da su inda ake nema. Ga tasi na kira ta waya irin su Uber da suka janye jama'a, domin mutane da yawa sun fi son a tuƙa su a kan su tuƙa kansu. Ɗan'uwansa na Indianapolis a Amurka, BlueIndy, ya tsaya a 2020. Na Singafo, BlueSG, da ya fara a ƙarshen 2017, ya dakatar da aiki a Agusta 2025. Duk wannan fa a biranen da wuta ba ta ƙiftawa, titi sumul, kusan kowane baligi kuma yana da katin banki.

Ɗan Sakkwato a cikin labarin

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Sakkwato tana da hannu a tarihin motar lantarki tun da wuri. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a 1966, ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, sannan ya tafi Detroit da tallafin karatu na jiharsa ya koyi zanen motoci. Ya shiga General Motors a 1994, kuma zanensa ne ya zama siffar Chevrolet Volt ta gwaji da aka nuna wa duniya a 2007, mota mai tafiya da batir, da ƙaramin inji na taimako idan caji ya ƙare. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci a Najeriya.

A zamaninsa ne kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, a ƙarshen 2020. A Afrilu 2021 kuma hukumar ta buɗe tasharta ta farko ta cajin mota da hasken rana, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kafin ta Jami'ar Legas da ta Nsukka. Zaɓin ya dace, domin jami'ar na da cibiyar binciken makamashi da ta shafe shekaru gommai tana aiki a kan rana. Abin alfahari ne, ban raina shi ba. Amma Kona ta fito ne a kan kimanin naira miliyan 24, tun kafin darajar naira ta zube, tashar kuma a harabar jami'a take. Tsakaninta da direban da ke lodin Wurno akwai tazara wadda ba a auna ta da kilomita.

Daga jami'a zuwa Marnona

Mu ɗora tsarin Paris a kan ƙasarmu mu gani. Abu huɗu yake tsaye a kansu: wuta, layin waya, lasisi a aljihun kowa, da natsuwar da za a bar mota ta kwana a waje.

Wutar da ke zuwa Sakkwato daga Kainji take tasowa, ta biyo ta Birnin Kebbi, kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya raba ta. Birnin ma bai ƙoshi ba, balle garuruwan gabas, inda wasu suka shafe shekaru sai dai su ga turaku da waya. Lasisi kuwa, a ƙirga magidanta nawa ne a Gandi ko Achida ke da shi, a ƙirga mata nawa. Tafiyar ma iri dabam ce. Ɗan Paris yana ɗaukar mota ne ya tsallaka unguwa biyu shi kaɗai. Tamu tsakanin gari da gari ce, da buhu, da akuya, da marar lafiya. Haka take tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗinsa, inda ya rasu a 1837, jama'a na kaiwa da komowa tsakaninta da Sakkwato. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, ita ma fuskarta birni take kallo: asibitin koyarwa, babbar kasuwa, ofisoshin gwamnati, duk can suke.

Sai maganar da ba a iya tsallakewa. A Satumba 2021, da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Wurno da Rabah da Goronyo, ta hana sayar da mai a jarka. Daga bisani aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, Rabah da Goronyo na ciki. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar, maharan suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. Allah ya jiƙansu. Wanda ya rayu cikin waɗannan watanni ba sai an yi masa dogon bayani ba: motar da ba ta buɗuwa sai da intanet, ranar da aka fi buƙatarta ita ce ranar da za ta ƙi buɗuwa.

Amma watannin nan sun koyar da wani darasin. Dokar jarka don ɓarayin daji aka yi ta, sai dai ta taɓa manomin rani da ɗan kabu-kabu da mai injin niƙa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk sufurin da ke jiran tankar mai ta taso daga kudu, abu kaɗan ke tsayar da shi. Rana kuwa ba a tare ta a shingen bincike.

Lissafin yunit

A nan ne nake ganin ya kamata mu sauke ido daga mota mu dubi babur. Batirin Kona yana ɗaukar yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin da ake saye a mita. Babban farantin sola guda, a ranar Sakkwato, yakan tara kimanin yunit biyu daga safe zuwa yamma. Ke nan kafin a cika mota ɗaya daga ƙasa, sai farantai talatin da 'yan kai sun yini cur suna aiki. Batirin babur na lantarki kuwa yunit uku zuwa huɗu ne, yana kuma kai mutum tafiyar kilomita gommai. Farantai biyu sun kusa isarsa. Rumfar da za ta ciyar da mota guda, ita ce za ta ciyar da babura fiye da goma sha biyar. Keke mai ƙafa uku, wanda Sakkwatawa ke kira agwagwa da buje, yana tsakanin biyun, kuma shi ne ke ɗaukar mace da 'ya'yanta da kayanta cikin sutura.

Matsalar caji ita ce jira. Ɗan kabu-kabu ba zai zauna awa uku yana kallon batir ba alhali fasinja na wucewa. Maganin da aka samo a gabashin Afirka shi ne musanya. A Kigali ta Ruwanda, kamfanin Ampersand ya fara tun 2019: mai babur ya zo da batirin da ya sauka, ya ajiye, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wutar, cikin minti biyu ya kama hanya. Batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur, na kamfani ne, don haka farashin babur ɗin ya sauko. Abin ya kankama har daga Janairu 2025 Kigali ta daina yi wa sabbin baburan haya masu shan mai rajista. Kamfanin Spiro yana irin wannan a Kwatano da Lome, ya kuma shigo Najeriya. A ƙauyen Gbamu Gbamu na jihar Ogun an gwada baburan lantarki na kamfanin MAX suna shan caji daga ƙaramar tashar sola ta ƙauyen, wanda ya fi kama da halin da muke ciki.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A kowace kasuwa daga Wurno zuwa Goronyo akwai shagon mai cajin waya: jerin soket a jikin katako, janareta ko sola a baya, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya riƙe ɗaya rabin lambar. Yaron da ke iya riƙe wayoyi ɗari ranar kasuwa ba tare da ta wani ta shiga hannun wani ba, ya riga ya koyi rabin aikin tashar musanyar batir. Saura a koya masa rabin da ya shafi wuta, domin batir mai girman nan ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma fadama. Madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ita ce jigon noman ranin yankin. Tun da mai ya yi tsada, wasu manoma sun mayar da injinansu masu aiki da gas ɗin girki, masu ɗan hali kuma sun sayi famfon sola. Farantan nan suna hutawa da zarar an gama ban-ruwa, da damina kuma kusan zaman banza suke yi. Ƙungiyar manoma da ta haɗa farantanta wuri guda za ta iya shayar da albasa da safe, ta caja batir da rana, ta sami kuɗin shiga a watannin da gona ba ta neman ruwa.

Na wane ne?

Tambayar da ta kayar da Autolib' ita ce wadda mu muka fi ƙwarewa a kanta. Kafin manyan kamfanoni su shigo harkar, a 1987 wasu mutum takwas a garin Stans na ƙasar Suwizalan sun haɗa kuɗi suka sayi mota guda suna karɓa-karɓa. Wasu a Zurich suka yi haka a shekarar. A 1997 ƙungiyoyin biyu suka haɗe suka zama Mobility, wadda har yau tana aiki a matsayin ƙungiyar gama-kai ta mambobinta. Ta tsofaffin maƙwabta ta rayu, ta hamshaƙin kamfani ta mutu. Bambancin shi ne, wanda ya ɓata motar ƙungiya ya san gobe zai haɗa ido da masu ita.

Adashi ke nan, da gayya, da aron shanun huɗa. Ko motar hayarmu ma ta haɗaka ce: wani ya saya, wani ya tuƙa ya kawo balas, mutum shida su raba kuɗin mai, mai biki ko mai kai amarya ya ɗauki shata. Abin da muke da shi wanda Paris ba ta da shi shi ne direban da kowa ya san gidansu, da shugaban tasha da za a kai wa ƙara. Saboda haka ban ga dalilin cire direba daga lissafi ba. A yankin da aikin yi ya yi ƙaranci, cire shi asara ce biyu. Abin da ya kamata a cire shi ne kuɗin mai.

Maiduguri ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne a Arewa. Wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya fara da cire injinan ƙananan bas yana sa musu batir a kamfaninsa na Phoenix Renewables. A Disamba 2023 kuma gwamnatin Babagana Zulum ta fito da tasi 50 na lantarki cikin jerin motoci 107 da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar, da direbobinsu, a kan kuɗin mota mai rahusa. Abin da nake tsoro da motar gwamnati sananne ne: ranar ƙaddamarwa kowa na nan, ranar da wani ƙarfe ya lalace sai a rasa mai sa hannu. Ya fi dacewa gwamnati ta gina rumfar sola da ɗakin batir, ta tsaya wa ƙungiyoyi a banki, ababen hawan su zama na 'yan ƙungiya suna biya sannu a hankali daga rarar man da ba su saya ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ƙofar a buɗe take.

Mota mai ƙafa huɗu tana da wuri guda da babu mai maye gurbinta: naƙuda cikin dare. A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe an yi tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke kai mata masu haihuwa asibiti idan abu ya rikice. Babban cikas a irin wannan lokaci shi ne a tashi direba a iske tanki ba mai, gidan mai kuma a rufe. Mota ɗaya ta gari, a cike da caji, makullinta hannun direbobi biyu ko uku da aka amince da su, da rana ta yi haya ta ciyar da kanta, da dare ta kwana a harabar asibiti ko ƙofar fadar hakimi. Ko a Amurka, tsarin Míocar da aka fara a 2019 a garuruwan ma'aikatan gona na Kalifoniya ba don riba aka kafa shi ba, da tallafin jiha yake tafiya, mutane kuma suna ɗaukar motocin ne don irin su zuwa asibiti.

Zafi, ƙura da bakanike

Ba zan ɓoye wahalhalun ba. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura maki 40, zafi kuwa yana rage wa batir kwana, musamman idan ana cajinsa cikin rana ko a ɗakin kwano marar iska. Dole a zaɓi irin batirin da ke jure zafi, a yi masa inuwa. Ƙurar hunturu tana rufe farantai ta rage musu ƙarfi, sai an sa mai gogewa kullum. Yashi da laka da tsallaken ruwa da damina za su gwada kowane babur. Caja mai arha da haɗin waya na ganganci suna jawo gobara, gobarar batir kuma tana da wuyar kashewa. Babur marar ƙara yana iya faɗawa hannun miyagu, don haka kowane batir sai ya zama da lamba, kowace musanya a rubuce, kuma a shigo da jami'an tsaro da sarakuna cikin maganar tun daga farko.

Bakanike shi ne babba. Wanda ya ƙware a babur Boxer da motar Golf zai iske sabon injin ba shi da kafireta, ba fulogi, ba juyen baƙin mai. Taya da birki da sarƙa suna nan yadda ya san su, sauran kuwa aikin mai gyaran wuta ne. Idan ba a horar da su ba kafin kayan su iso, babur na farko da ya tsaya a Rabah zai jira injiniya daga Legas, labarin kuma zai riga kowa isa Gandi. Jami'ar da aka kafa wa tashar caji a 2021, da makarantun koyon sana'a na jihar, nan ne aikinsu yake.

Da za a tambaye ni inda za a fara, sai in ce Achida, domin tana kan hanyar masu zuwa Wurno da masu wucewa Goronyo, kasuwarta kuma tana tara jama'a daga ko'ina. Rumfa ɗaya ta farantai, babura goma, agwagwa da buje uku, mota guda, mai caji biyu, bakanike biyu. A bar su su zaga shekara cur, su ga bazara, su ga damina, su ga hunturu. A ajiye littafi a rubuta komai: yunit nawa aka tara, musanya nawa aka yi, me ya lalace, kwana nawa ya yi kafin a gyara, nawa kowane direba ya kai gida bayan ya biya kuɗin batir da na ƙungiya. A riƙa karanta shi a fili a tasha ƙarshen kowane wata. Littafin nan shi direban Golf zai nemi gani da idonsa kafin ya yarda ya rabu da motarsa.